Bakabe, Shingen da Ya Gagare Ka Yana Aljihunka

Gaisuwar ubangida ga baransa, zuwa ga Bakabe mazaunin Bagudo, mai kwana a Najeriya ya karya kumallo a Benin, wanda ko turaren Dubai ya fesa sai ƙarnin kifi ya riga shi shiga ɗaki. Ina fata ruwan Kwara bai cinye maka fadamar shinkafa ba bana. In ma ya cinye kada ka damu, mu Katsinawa mun saba ɗaukar nauyinku, ba yau muka fara ba.

'Yan leƙen asirina na kasuwar Tsamiya sun kawo mini rahoto cewa ka yi sabuwar waya, kuma tun ranar da ka ɓare ledarta mutanen gari ba su huta ba. Wai ko gaisuwar mutuwa ka je sai ka zaro ta ka goge gilashin da hannun riga. An ce har ka tsaya a majalisa ka bugi ƙirji kana cewa, "Wagga waya tawa ta, da kuɗɗina nis saye ta, babu mai iko da ita sai ni." To, rabin maganar gaskiya ne. Da kuɗinka ka saya, ko da yake ina da tambaya a kan inda kuɗin suka fito. Ɗaya rabin shi ya sa na ɗauki alƙalami yau.

Ɗauko wayar mu gwada ikon naka. Nemo ɗaya daga cikin manhajojin nan da ka tarar a ciki, waɗanda ba kai ka sa ba, masu watso maka tallar caca da hotunan da kake saurin kifa wayar saboda su in Hajiya ta shigo. Danna ka riƙe, ka nemi wurin gogewa. Wasu za su gogu. Wasu iyakar abin da za a yarje maka shi ne ka dakatar da su, su kwanta a ciki suna cin wuri. Wasu kuwa ko hakan ba za ka samu ba. Yanzu gaya mini tsakaninka da Allah, wane irin mai iko ne wannan?

Bari in yi maka karatun da harshen da kake ganewa, wato harshen kan iyaka. Duk lokacin da ka danna maɓallin kunna waya, kafin Android ta tashi, akwai wata 'yar manhaja da ke riga kowa farkawa. Masu gyaran waya suna ce mata butloda. Aikinta aikin jami'in da ke tsaye a shinge ne. Babbar manhajar da za ta tafiyar da wayar tana isowa sai ya ce a kawo takardu. In ya ga hatimin kamfanin da ya ƙera wayar, ya ɗaga sanda. In hatimin na wani ne, ko an taɓa kayan a hanya, babu wucewa. Hatimin nan kuwa ba na tawada ba ne balle yaran tasha su sassaƙa maka irinsa. Lissafi ne da aka dasa gindinsa a ƙwaƙwalwar wayar tun daga masana'anta. Wayar da ake cewa butlodarta a kulle take, jami'inta umarnin kamfani kaɗai yake ji. Wadda ake iya buɗewa kuwa, mai ita yana da damar ya ce wa jami'in, daga yau ni ne Kwanturola, abin da na sa wa hannu shi zai wuce.

Ka ga inda dariya ta kama ni? Kai ne fa mutumin da tun da Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019 ba a taɓa jin ka yi kukan rashin hanya ba. Da aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka a Nuwambar shekarar, babur ɗinka bai taɓa kwana da ƙishi ba. Tsakanin Lolo da Madekali, tsakanin Tsamiya da Segbana, babu burtali ko mashigar kwalekwale da ba ka san sunan kakanta ba. Ban ce kana fasa-ƙwauri ba, kada ka kai ni ƙara. Na ce dai kana yawan ziyarar dangi da buhu a bayan babur. Amma ga shinge guda a aljihun gaban rigarka, da hannunka ka biya kuɗinsa, kullum kai ke yi masa caji, ba ka ma san yana nan ba balle ka nemi hanyar kewaye shi. Kakanku Kanta da ya gina ganuwar Surame, ba a taɓa jin ya bar makullin ƙofa a hannun magina ba.

Na san tambayarka ta gaba, don Bakabe kullum zancensa kaya: to in an ɗaga mini sandar, me zan shigo da shi? Ka sani Android ɗin nan da ta fara fitowa a waya a 2008, gindinta a buɗe yake. Google tana wallafa rubutun asalinta, kowa ya ɗauka ya gyara yadda yake so, kuma a kan Linux aka gina ta, wadda lasisinta ya wajabta wa duk wanda ya gyara ya rarraba ya bayyana gyaran da ya yi. Abin da Tecno ko Samsung ko Redmi suke miƙo maka shi ne wannan gindin, an ɗora masa manhajojin Google, an ƙara na kamfani, an ƙara na 'yan tallar da suka biya a cusa su. Wasu mutane kuma, akasarinsu 'yan sa-kai, suna ɗaukar gindin nan su gina tasu ba tare da tarkacen ba. Akwai LineageOS, wadda ta gaji CyanogenMod a ƙarshen 2016, ta yi suna wajen raya tsofaffin wayoyin da kamfanoninsu suka yi watsi da su. Akwai /e/OS ta wani Bafaranshe, Gaël Duval, wadda aka tsame Google daga cikinta; tunda kana taƙama da "bonjur" ɗin da ka tsinta a kasuwar Malanbil, wannan taku ce. Akwai GrapheneOS, wadda masu tsoron a leƙa musu asiri, irin su 'yan jarida da lauyoyi, suka fi riƙewa. Duk cikinsu babu wadda za ta shiga waya sai an ɗaga sandar nan.

Su kuwa kamfanoni kullum ƙara wa shingen ƙaya suke yi. A 2011 masu sayen HTC suka yi ca a Facebook har shugaban kamfanin na lokacin, Peter Chou, ya fito ya ce sun daina kullewa. Wannan zamani ya wuce. Huawei ta daina ba da lambar buɗewa a 2018. LG ta bar sana'ar waya a 2021, ta rufe shafin buɗewar a ƙarshen shekarar, ta tafi da makullan jama'a. Xiaomi, uwar Redmi ɗin nan da ta cika kasuwanninmu, sai ka buɗe asusu a wurinta, ka ɗaura shi da wayar, ka zauna jiran sa'o'i 168, mako guda cur, sai ka ce mai neman biza. Daga baya ma ta ƙara tsananta sharuɗɗan. Samsung ta daɗe da dasa wani ɗan fis a tsarinta na Knox, wanda yake ƙonewa da zarar ka sa manhajar da ba tata ba, ba ya gyaruwa har abada, wasu ayyukan wayar su mutu tare da shi. A 2025 kuma, da fitowar manhajarta ta One UI 8, masu wayoyin suka duba suka ga maɓallin buɗewar ma ya ɓace. iPhone ba a ma zancenta, tun haihuwarta a 2007 ba ta taɓa ba kowa wannan izini ba. Abin mamaki, Google ɗin da ake gudu ita ce wayoyinta na Pixel suke buɗuwa salin-alin, su kuma sake kulluwa da hatimin da mai su ya zaɓa, shi ya sa GrapheneOS ta ɗauke su. Ko su ɗin, in ta hannu ce daga Amurka a kula, waɗanda kamfanin Verizon ya sayar ba sa buɗuwa.

Sai mu zo gidanku, gidan Tecno da Itel da Infinix, 'ya'yan Transsion ta birnin Shenzhen, wadda ke riƙe da kusan rabin kasuwar wayar zamani a Afirka. Ba zan zalunce su ba. Sun fi kowa fahimtar mutum irinka, mai buƙatar layi biyu, ɗaya MTN ko Airtel na gida, ɗaya Moov ko Celtiis na tsallake, da batirin da zai jure a garin da ba kullum ake ganin wuta ba, da kyamarar da ke iya fito da fuskar baƙin mutum da kyau, har ta Bakabe. Da yawa daga wayoyinsu ma ana iya ɗaga musu sandar. Matsalar ita ce ka ɗaga ka shigo da me? Sabuwar manhaja ba ta zama a waya sai an daidaita ta da kayan cikin wannan samfurin, hakan kuwa yana wuya in kamfani bai saki bayanan da ake buƙata ba. Duba jerin wayoyin da LineageOS ke tallafa wa: Xiaomi, Motorola, OnePlus, Samsung, Sony, Google. Tecno da Itel sai ka kunna fitila kana nema. Wato wayar da talakan Afirka ya fi riƙewa ita ce wadda ba ta da wurin zuwa ranar da kamfaninta ya yi watsi da ita.

Ina jin muryarka tun daga nan: "Ni mi ag gare ni na ɓoyo?" Kai ne ba ka da abin ɓoyo? Mutumin da ya sa wa wata lamba suna "Mai Taki 2", alhali mai takin muryar mata gare shi? To mu rufa wannan saboda zumunci. A cikin wayar akwai hoton katinka na NIN, akwai lambar BVN, akwai saƙonnin kuɗin shinkafa, da sunan duk wanda kake bi da wanda ke bin ka, da sawun duk inda ka taka da dare. A 2021 wani farfesa a Kwalejin Trinity ta Dublin, Douglas Leith, ya auna ya gano cewa wayar Android da iPhone, ko an ajiye su ba a taɓa ba, a ƙiyasi duk minti 4 da rabi sai sun aika wa Google ko Apple bayani. A wani binciken na shekarar kuma, shi da abokan aikinsa na Jami'ar Edinburgh suka gwada Samsung da Xiaomi da Huawei da Realme tare da LineageOS da /e/OS. Suka tarar wayoyin kamfanonin suna kwasar bayanai masu yawa suna aika wa masu su da Google, har da wasu na gefe irin su Facebook da Microsoft, kuma babu inda za ka danna ka ce ba ka yarda ba. /e/OS ce kaɗai ta kama bakinta.

Wannan leƙe ne kawai. Ga labarin sata. A 2020 kamfanin Upstream ya bayyana cewa an sayar da wayoyin Tecno W2 kimanin 53,000 da muguwar manhaja mai suna Triada a cikinsu tun daga kwali, a ƙasashe irin su Habasha da Masar da Ghana da Kamaru da Afirka ta Kudu. Ita kuma sai ta jawo 'yar uwarta xHelper, su riƙa yi wa mutum rajistar abubuwan biya a ɓoye, suna cinye masa kati da data. Ko an goge wayar an mayar da ita yadda ta fito daga shago, abin dawowa yake yi, don can ƙasa yake zaune inda hannun mai waya ba ya kaiwa. Transsion ta ce wani daga cikin masu kawo mata kaya ne ya cusa, ta kuma fitar da gyara. Ban musa ba. Amma kai da ka san shinge, dubi abin da kyau. Jami'in da ke duba hatimi ba zai tare ɓarawon da ya zo da hatimin kamfani ba. Wanda zai tare, shi ne mai wayar, in ya zo da manhaja mai tsabta don ya maye gurbin ruɓaɓɓiyar.

Zauna, zauna. Na hango ka kana neman makullin babur za ka wurin masu filashin. Ban ce ka je a fasa maka waya ba. In ma zancen asiri ake yi, ba mutanen Shenzhen ne suka fi tona maka ba, kai ne da kanka. Wa ya sa GBWhatsApp don ya karanta saƙon da aka goge, ya kuma ɓoye cewa ya gani? Ba ka san wanda ya rubuta ta ba, ta Xender aka turo maka a rumfar mai caji, duk abin da ta roƙa ka danna mata ba ka karanta ba. Wa ke miƙa waya ga yaron shago, ya faɗa masa lambar sirri da ƙarfi har na shagon kusa su ji, ya tafi sallar La'asar? Da Benin ta mayar da lambobinta guda 10 a ranar 30 ga Nuwambar 2024, aka ce kowa ya ƙara 01 a farko, wa ya ji ƙyuyar gyarawa da hannu ya sauke wata manhajar da bai san asalinta ba, ya miƙa mata lambobin mutanensa kaf? Wa kuma ya ci bashin manhajar lamuni har aka aika wa surukinsa saƙo? Wannan ta ƙarshen ba kai kaɗai ta ci ba. Abin ya yi ƙamari a ƙasar nan har hukumar kare masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin irin waɗannan kamfanoni a Legas a watan Maris na 2022, Google kuma ta hana manhajojin lamuni taɓa lambobi da hotunan mutane daga ƙarshen Mayun 2023.

Sannan kada ka ɗauka buɗe waya layar zana ce. Ko ka sa manhajar da ta fi kowace tsarki, layin da ke ciki da sunanka yake. Tun Disambar 2020, zamanin minista Isa Ali Pantami, aka wajabta haɗa layi da NIN, a Afrilun 2022 kuma aka hana layuka sama da miliyan 72 kira. Turken sabis ɗin da wayarka ta kama ya san yankin da kake, kuma daren da ta yi tsalle daga sabis ɗin Najeriya ta kama na Benin, a rubuce yake. In hukuma ta ga dama ta kashe sabis ɗin ɗungurungum, kamar yadda aka yi a Zamfara a Satumbar 2021 har ya shafi wasu ƙananan hukumomin Sakkwato da namu na Katsina, ko yadda aka yanke intanet a Benin ranar zaɓen 'yan majalisa a Afrilun 2019, babu butlodar da za ta cece ka. Iyakar abin da buɗewa ke ba ka shi ne ikon korar masu leƙen da ke zaune cikin wayar.

Kuma tana da nata ɗacin. Ranar da aka ɗaga sandar, wayar tana goge duk abin da ke cikinta. Da gangan aka yi haka don kada wanda ya tsinci wayarka ya buɗe ya kwashe. Hotunan nan na Argungu da kake rungume da kifin wani kana cewa kai ka kama, duk sun tafi. Manhajojin banki da yawa kuma suna tambayar Google, ta wani tsari mai suna Play Integrity, ko wayar nan tana yadda kamfani ya sake ta. In amsar a'a ce, wasu sai su ƙi tashi. Kai da cinikinka ya koma taransifa tun wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023, ka ga in manhajar banki ta yi maka yaji a tsakiyar kasuwar Ka'oje, Fulanin da ka yi cinikin sa da su ba karatun Linux za su tsaya saurara ba. Wayar da aka buɗe aka bar ta a buɗe kuma, in ta faɗa hannun mugu, ya fi samun sauƙin cusa mata abu. Garanti ma sau da yawa ya tafi ke nan.

Su ma kamfanonin suna da hujja, kuma ba duka ce ƙarya ba. Ta farko sata. Tun 2015 Android ta zo da tsarin da in an goge waya da ƙarfi sai ta nemi adireshin Google na mai ita na baya. Je Farm Centre a Kano ko Computer Village a Ikeja ka ji yawan masu zuwa a cire musu Gmail, kowa da labarin cewa mantuwa ya yi. Wasu da gaske sun manta, irinka da yaron shago ya buɗe maka adireshin ya rubuta a bayan kwali, Hajiya ta hura wuta da kwalin. Wasu kuwa Allah kaɗai ya san aljihun da wayar ta fito. Ta biyu wayar bashi, irin ta EasyBuy da M-KOPA, mai kulle kanta in ka makara da biya. In kowa na iya canza manhaja wannan ciniki ya mutu, talaka kuma ya rasa hanyar mallakar waya da kaɗan-kaɗan. Ta uku dillalan da ke buɗe waya a hanya su cusa tallarsu su sake naɗe ta a leda.

Na ji, amma bashi ai yana ƙarewa. In na gama biya, me ya hana makullin ya dawo hannuna? Batun ɓarawo da dillali kuwa an riga an warware shi. A wayar da aka yi wa tsari na gaskiya, sai ka shiga wurin saiti, ka danna lambar samfurin manhaja sau 7, ka sa lambar sirrinka, ka kunna izinin buɗewa, ka haɗa ta da kwamfuta, ta yi maka gargaɗi, sannan ta goge komai. Ɓarawon da bai san lambarka ba ba ya kaiwa nan. Daga ranar kuma duk kunnawa sai wayar ta nuna a fuskarta cewa an buɗe ta, don haka dillali ba shi da wurin ɓuya. Wato ana iya tsare waya daga ɓarawo ba tare da an tsare ta daga mai ita ba. Kamfanin da ya san wannan hanya ya ƙi bi, ni ban yarda tsaronka ne a gabansa ba. So yake ka dawo shago da wuri, kafin nan kuma tallarsa ta zauna daram a fuskar wayarka. Ga wata ma: a Agustan 2025 Google ta sanar cewa manhajar da ba a tantance mai ita ba za ta daina shiga wayoyin da ke ɗauke da hatiminta, ko daga gefe aka turo, za a fara da Barazil da Indonesiya da Singafo da Tailan a Satumbar 2026. Da aka yi mata ca ta ce za ta bar wata 'yar ƙofa ga ƙwararru. Kai dai na san ba ka ciki.

Nan ne maganar ta fi shafar mu a kan Turawa. A wurinmu waya ba ta mutuwa da wuri. Daga hannun Alhaji ta koma na Hajiya, daga nan ta koma wurin ɗan makaranta, in gilashi ya tsage a aika wa ƙane a Illo ya ci gaba da ita. Kamfani kuwa tuni ya daina aiko mata gyaran tsaro, duk ɓarakar da aka gano bayan nan a buɗe take, kuma a cikin irin wannan waya ake karɓar kuɗin albasa da na shinkafa. Manhajoji ma suna yanke tsofaffi. Tun Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayar da Android ɗinta ba ta kai 5.0 ba. Google da Samsung yanzu suna alƙawarin shekara 7 ga manyan wayoyinsu, tun daga Pixel 8 da Galaxy S24, amma ka lissafa buhu nawa za ka sayar kafin ka taɓa ɗaya. Tarayyar Turai kuma daga 20 ga Yunin 2025 ta wajabta wa masu sayar da waya a kasuwarta sabunta manhaja aƙalla shekara 5 bayan an daina sayar da samfurin, da samar da kayan gyara shekara 7.

Mu fa? Hukumar sadarwa ta NCC tana tantance samfurin waya kafin a sayar a ƙasa. Muna da dokar kare bayanai ta 2023 da hukumarta, NDPC. FCCPC ta iya cin kamfanin Meta tarar dala miliyan 220 a Yulin 2024, ka ga ba ƙarfi ne babu ba. Me zai hana a ce duk kwalin waya a rubuta shekarun da kamfani zai kula da ita, ranar da ya daina kuma ya saki makulli da bayanan da masu gyara ke buƙata? Yaran Farm Centre da suka iya ɗaga ƙwaƙwalwar waya da iska mai zafi su dasa wata, ba wannan ne zai gagare su ba. Sana'a ce kwance, mun bar ta muna jibge wayoyi masu rai a akwati. Tunda Ministan Kasafin Kuɗi da gwamna da sanatoci duk kana cewa abokanka ne in an zauna majalisa, ga saƙo nan ka kai musu, mu gani ko mai gadi zai bar ka ka wuce.

Hukuncina a kanka shi ne wannan. Sabuwar wayar da bankinka ke ciki, bar ta a kulle. Goge GBWhatsApp yau, ka canza lambar sirri daga shekarar haihuwarka, wadda dama kowa ya san ta ƙarya ce. Tsohuwar Redmi ɗin da ka jefa a akwati, ba yaronka mai karatu a jami'ar Aliero ya koyi buɗewa a kanta. In ta lalace ba a yi asarar komai ba, in ta tashi gida ya samu mai sana'a. Ranar da za ka sake sayen waya kuma, kafin ka tambayi girman kyamara, tambayi mai shago shekara nawa kamfani zai kula da ita, kuma ana iya buɗe ta ko ba a iyawa. Mai yiwuwa ya saki baki yana kallon ka. Tambaye shi dai, kuma masu karatu ku ma ku tambaya, don dila ba ya kai wa kamfani maganar da bai ji a bakin masu saye ba.

Kuɗin shararka na watan cika-ciki suna nan na ajiye. Ba zan tura su cikin wayar da yaran rumfar caji suka san lambarta ba. Ka zo Katsina da tsintsiyarka ka karɓa hannu da hannu, in kuma kana da martani ka nemi mai rubuta maka, shafin nan a buɗe yake.